Awo ɗaya ba ya yanke hukunci kan hawan jini

A Gwadangaji, kamar sauran unguwannin Birnin Kebbi, ba wuya ka ji dattijo yana cewa an auna shi da safe a kemis an ce jininsa ya hau, da la'asar aka sake aunawa aka ce lafiya lau. Wasu su zargi na'urar, wasu su zargi mai kemis. Sau da yawa kuwa duka awon biyu daidai ne, domin jinin ɗan Adam hawa da sauka yake yi dare da rana.

Idan mutum yana barci zuciya takan rage gudu, jijiyoyi su saki, awon ya sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Gab da asuba, tun bai farka ba, jiki ke sakin sinadaran da ke shirya shi don aikin yini, irin su kotisol da adirenalin. Sai jijiyoyi su ɗan tsuke, jini ya fara hawa har zuwa tsakar rana. Likitoci sun daɗe da lura cewa shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya sun fi aukuwa tsakanin ƙarfe 6 na safe da 12 na rana.

Sauran kuma daga abin da muke yi ne. Goro da shayi mai kauri da taba suna ɗaga awo na ɗan lokaci, haka ma fushi da fargaba, har ma da matsuwar fitsari. Wanda ya hau kabu-kabu cikin rana zuwa asibitin Sir Yahaya, ya zauna gaban likita gabansa na faɗuwa, awonsa zai iya ɗara wanda zai samu a ɗakinsa.

Yanayi ma yana da nasa rabon. Dubi manomin shinkafa a fadamar Rima cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya yini a sunkuye, riga ta jiƙe sharkaf da zufa. Ruwan jikinsa ya ragu, jijiyoyinsa sun buɗe, jininsa ya yi ƙasa; yana miƙewa sai jiri ya ɗebe shi. Da dare ya sayi diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, alhali yawan shan su yana ɗaga jini. Sanyin hunturu kuwa tsuke jijiyoyi yake yi. Ga kuma tukunyar miya: gishiri daban, magi daban, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ajiye magani don kawai awo ɗaya ya nuna 120 bisa 80. Maganin ne ya sauko da shi, ciwon yana nan. Haka mutum zai yi watanni yana ganin ya warke, cutar tana cin ƙoda da zuciya ba tare da ko ciwon kai ba. Ƙa'idar hukumar ita ce sai awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban kafin a ce akwai hawan jini, kuma likita ne kaɗai zai ce a rage magani ko a sauya shi.

Mai karatu, idan za a auna ka, bar goro da shayi da taba minti 30 kafin lokacin, ka yi fitsari, ka zauna minti 5 ka jingina bayanka, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kada ka yi magana. Auna safe da dare na mako guda, ka rubuta a takarda, ka kai wa likita.