Sabar Gida: Na'urar da Ba Ta Cin Aljihu, Ba Ta Hana Barci

Duk magidancin da hotunan aure da na suna suka cika masa waya, ko malamin da ya tara karatuttukan tafsiri da littattafai har ya rasa inda zai adana su, ko ɗan kasuwar da ke son lissafinsa ya zauna wuri guda inda shi da yaron shagonsa za su riƙa dubawa, to haƙiƙa buƙatarsa ta kai shi ga abin da ake kira saba, wato kwamfutar da ake kunnawa a bar ta dare da rana tana yi wa wayoyi da sauran kwamfutocin gidan hidima. Galibin waɗanda suka ƙuduri niyyar kafa ta, abin da suke fara tambaya shi ne nawa ake sayarwa, alhali kuwa abin da ya fi cancanta a bincika shi ne wuta nawa take sha sa'ad da take zaune ba ta aikin komai, domin a cikin wannan hali ne take ƙare mafi yawan kwanakinta.

Hisabin ba shi da wuya. Shekara tana da sa'a 8,760, saboda haka duk wat ɗaya da na'ura ke ja ba fashi yana cinye kusan yunit 9 na mita a shekara. Tsohuwar sabar ma'aikata, irin masu faɗi da ake jerawa a kanta a ɗakunan bankuna, wadda akan samu da araha har mutum ya zaci ya yi tsintuwa, takan sha wat 100 ko fiye ko da tana hutawa, wato yunit 876 a shekara. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta ɗaga kuɗin yunit ga 'yan rukunin A zuwa naira 225, kuma a bisa wannan ƙima kuɗin wutarta ya haura naira 197,000, alhali ƙaramar na'ura mai shan wat 10 ba za ta kai naira 20,000 ba. Wanda kuwa ya dogara da sola da inbata, shi ya fi kowa sanin bambancin, domin batirin da zai kwana da ƙaramar lafiya lau, babbar za ta tsotse shi tun kafin asuba.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta kimiyya wadda ta haɗa wannan hisabi da sha'anin ƙara, ita ce kusan dukkan wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa, zafin nan kuwa tilas a fitar da shi, abin da ke fitar da shi kuma fanka ce. Waɗancan sabobi na ma'aikata, da yake sirara ne ƙwarai, ƙananan fankoki ake sa musu masu faɗin milimita 40, waɗanda sukan juya fiye da sau 10,000 a minti, suna wata ƙara mai tsini da ke ratsa ƙofa. An ƙera su ne don ɗaki mai sanyin na'ura inda ba mai kwana, kuma wanda ya shigo da ɗaya falonsa a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke kai digiri 40, ya jawo wa iyalinsa azaba. Fanka babba mai milimita 120 tana tura iska mai yawa tana juyi a hankali, har da ƙyar kunne ke jin ta. Na'urar da ba ta shan wuta sosai kuwa, wani lokaci ba ta buƙatar fanka ko kaɗan.

Da yawa sukan fara da Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu wadda wata gidauniya ta birnin Kambirij a Ingila ta fara fitarwa a 2012. Wat kaɗan take sha, kuma ta dace da mai koyo. Sai dai idan an haɗa kuɗin gidanta da cajarta da wurin ajiya, arahar takan ragu, sannan ɗan katin da ake ɗora mata tsarin aiki a kai yana saurin lalacewa idan ana yawan ɗauke wuta tana cikin rubutu, wanda kuwa mu nan abin yau da kullum ne.

A ganina, abin da ya fi dacewa da yawancin gidaje shi ne ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin su Lenovo ThinkCentre Tiny da Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini, waɗanda girmansu bai wuce na littafi mai kauri ba. An yi su ne don su wuni a kan teburin ma'aikaci ba tare da sun dame shi ba, saboda haka shiru ɗabi'arsu ce, kuma da yawansu wajen wat 10 suke sha idan suna hutawa. Wani dalili kuma ya ƙara karya farashinsu: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar mafi yawan na'urorin da suka girmi zubi na 8 na ƙwaƙwalwar Intel, sai ma'aikatu suka shiga sallamar kwamfutoci masu cikakkiyar lafiya. Mai sabar gida bai damu da wannan hukunci ba, domin manhajar Linux, misali Debian, kyauta ce, kuma tana tafiya a kansu sumul. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, mai gigabait 8 ya wadatar ga ajiya da rarraba fayiloli. Wanda ya fi son sabuwa, akwai ƙananan na'urori masu ɗauke da ƙwaƙwalwar Intel N100 da ta fito a 2023, mai ƙimar wat 6 kacal. Tsohuwar kwamfutar cinya ma tana da falala guda, wato batirinta da ke riƙe ta idan wuta ta tafi, amma a riƙa duba shi, domin zafi da daɗewa a kan caji sukan kumbura shi.

Sai maganar faifan ajiya, inda ya kamata a yi taka-tsantsan fiye da ko'ina, tun da na'ura idan ta mutu ana sayen wata, amma muryar mahaifi da aka naɗa kafin rasuwarsa ba a sayar da ita a kasuwa. Faifan da ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, don haka ba ya ƙara, kuma shi ya dace da tsarin aiki. Faifai mai juyawa ya fi araha idan ajiyar tana da yawa, kuma mai juyi 5,400 a minti ya fi mai 7,200 sanyi da shiru. A ɗora shi a kan roba don kada rawarsa ta bi katako ta zama gurnani. Faifai na hannu kuwa, kada a amince masa sai an karanta bayanan lafiyarsa da ake kira SMART, inda yake ƙidaya sa'o'in da ya yi aiki da wuraren da suka lalace a jikinsa. Kuma faifai biyu a cikin na'ura ɗaya ba su isa kariya ba, domin tsawa ko ɓarawo ko wutar da ta dawo da ƙarfi duka biyun za ta haɗa. Wajibi ne a sami kwafi na dabam a ajiye a wani gida.

Daga ƙarshe sai muhallin da za ta zauna. Kada a kulle ta a cikin kabad don gudun ƙara, domin zafi zai taru, fankar ta ƙara himma. A ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da taga, kuma bayan hunturu a buɗe murfin a hure ƙurar da ta toshe ƙofofin iska. A cikin saitunan farko na na'urar, wato BIOS, akwai wurin da ake umartar na'urar ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, kuma ya kamata a kunna shi tun ranar farko, don kada mai gida ya yi tafiya ya nemi takardunsa daga nesa ya tarar sabar tana kashe tun ɗaukewar wutar jiya.