Wuta Ba Ta Kashe Dafin Fumfuna

Duk kaka sai an maimaita wannan ta'asa a yankin Kwanar Dangora. Masara ta fito daga Doguwa da Tudun Wada, ruwan ƙarshen damina ya doke ta, a ɗura ta a buhu da danshinta don ana sauri a kama kasuwa. Ranar da aka kwance bakin buhu a tarar ta yi kore-kore. Maimakon a zubar, sai a sake baza ta a rana, a sheƙe, a cakuɗa da mai kyau. Ka yi magana a ce maka, "Haba malam, ai wuta na kashe komai."

Ba ta kashewa. Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da wani dafi da masana ke kira afalatoksin. Rana na iya busar da fumfunar, wanki ya kawar da korenta, amma dafin ya riga ya shige cikin ƙwayar. Zafin tukunyar tuwo bai kai ya lalata shi ba, suyar ƙuli-ƙuli ma haka. Ba shi da wari ko ɗanɗano, don haka ƙwaya na iya yin fes a ido alhali tana ɗauke da shi.

Masu cewa "mun daɗe muna ci ba abin da ya same mu" su ne suka fi ba ni haushi. Dafin ba ya kayar da mutum a ranar, sai in an ci da yawa, kamar yadda ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da suka noma da hannunsu. Yawanci a hankali yake cin hanta, shekara da shekaru, har ya kai ga ciwon daji. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan, haɗarinsa ninkin ba ninkin ne. Bincike a Benin da Togo ya danganta shi da tsumburewar yara. Idan cikin bawan Allah ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, sai a ce sammu ne, ba mai tuna buhun bara.

Wasu kuma su ce a ba dabbobi. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa, a nan ma aka fara gano dafin. Saniyar da ta ci kuwa, yana fitowa a nononta.

Fari da ƙwari ma suna buɗe wa fumfuna ƙofa tun a gona. Amma babban aikin yana wajen shanya. Kada a bar masara a ƙasa, a shimfiɗa tamfol. A gwada bushewarta: a zuba tsaba da busasshen gishiri a kwalba, a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Buhu ya hau katako, kada ya jingina da bango. Uwargida ta zauna ta tsince duk ƙwayar da ta canja launi, ta yamutse ko ta fashe kafin a kai surfe, musamman gyaɗar kunun yara. Abin da aka tsince a binne shi, kada a sayar wa masu ƙuli-ƙuli da arha. Manomi kuma ya tambayi malamin gona game da Aflasafe, maganin rage afalatoksin wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Ana watsa kilo 10 a hekta, sati biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure.