MATUƘIN ƘARAMIN JIRGIN SAMA: HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA

Daga Wakilinmu

Wata safiya cikin hunturu na sami kaina a wani filin jirgin sama na Arewa tare da fasinjoji wajen 40, muna jiran ƙaramin jirgin da zai zo daga Abuja ya kwashe mu. Wajen ƙarfe 11 muka ji rugugin injinsa a bisa kanmu, kowa ya miƙe ya rungumi jakarsa. Amma sai rugugin nan ya yi ta nisa har ya ɓace, ba wanda ya ga ko inuwar jirgin saboda hazo. Can an jima aka yi sanarwa cewa matuƙin ya gwada sauka bai ga titi ba, saboda haka ya juya ya koma inda ya fito.

Nan fa wuri ya ruɗe. Wani dattijo mai hanzarin zuwa ɗaurin aure ya ce ragwanci ne kawai, wani ya ce ai yaran yanzu ba su iya tuƙi ba, ni ma kaina ban rasa abin da na tofa ba. Daga baya da na bi diddigin yadda aikin yake, sai na gane cewa a ranar nan mutumin da muka yi ta zagi ya yi abu mafi wuya a cikin sana'arsa, watau ya ƙi yin abin da kowa yake so ya yi.

WANE NE ƘARAMIN JIRGI?

Abin da ake nufi da ƙaramin jirgi a nan shi ne irin wanda yake zirga-zirga tsakanin garuruwan da fasinjansu bai isa ya cika babban jirgi ba. Galibinsu masu farfela ne. Akwai Beechcraft 1900 mai kujera 19, akwai ATR 42 mai ɗaukar mutum kusan 48, da wansa ATR 72 mai ɗaukar wajen 70. Irin waɗannan ba sa wuce ƙafa 25,000 a sama, suna gudun kilomita wajen 500 a awa, kuma a gajeriyar tafiya ba sa shan mai kamar manyan jirage.

Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925 da jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar, ƙasar nan ta san jirgin sama. Dattawa za su tuna zamanin da kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, yake kai jiragensa ƙirar Fokker Jos da Yola da Sakkwato da Maiduguri. Kamfanin ya durƙushe a 2003, aikin ya koma hannun 'yan kasuwa ɗungurungum. Sa'an nan gwamnatocin jihohi suka giggina filaye a Dutse da Birnin Kebbi da Gombe da Bauchi. Kamfanin Overland, wanda ya fara aiki a 2002, yana cikin waɗanda suka yi suna wajen kai ƙananan jirage irin waɗannan garuruwa. To, a cikin irin jiragen nan ne yawancin matuƙa suke fara cin abincinsu.

KAFIN A SA IGIYA A KAFAƊA

Hanyar zama matuƙi doguwa ce, kuma tana cin kuɗi. A Nijeriya babbar makarantar wannan aiki ita ce Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai kuma wata a Ilori. Ɗalibi yakan fara da lasin na tuƙa kansa, sa'an nan lasin na tuƙin haya, wanda yake bukatar awa wajen 200 a sama, da shaidar cewa ya iya tuƙi da na'ura kaɗai ba tare da ganin ƙasa ba. Tilas ne kuma ya iya Turanci, domin da shi ake magana da hasumiya.

Amma lasin kaɗai ba ya ba mutum aiki. Kowane irin jirgi yana da nasa horon na musamman, wanda ya koyi ATR ba zai hau Boeing ba sai ya sake komawa aji. Sau da yawa wannan horo sai an fita ƙasar waje, kuma da dala ake biya. Wanda jiharsa ba ta ɗauki nauyinsa ba, iyayensa ne za su sayar da fili ko gona, ko su ci bashi. Saboda haka akwai samari masu lasin a aljihu da suke zaune a gida, kamfani yana neman mai awoyi da yawa, su kuwa ba su da inda za su tara awoyin sai a kamfanin.

Wanda Allah ya ci da shi yakan fara a kujerar dama a matsayin mataimaki, da igiya biyu ko uku a kafaɗa. Kujerar hagu ta kyaftin ce mai igiya huɗu, kuma ba a samun lasin da ake hawanta da shi sai an cika awa 1,500. Ko an hau ma ba a huta ba. Likita zai duba shi kowace shekara, idan ido ko zuciya ko hawan jini suka gaza, aiki ya tsaya. Duk wata shida kuma za a sa shi cikin na'urar kwaikwayon tuƙi a kashe masa inji, a kunna masa gobara, a ga yadda zai yi. Idan ya kai shekara 65 kuwa, sai ya sauka.

YININ MATUƘI

Jirgin da zai tashi ƙarfe 7 na safe, matuƙinsa tun da asuba yana fili. Zai karɓi rahoton yanayi na inda zai tashi, da inda za shi, da wani fili na uku da zai nufa idan sauka ta gagara. Zai duba sanarwar filaye ko akwai na'urar da ta lalace ko titin da ake gyara. Sa'an nan ya yi lissafin mai, wanda wani irin kananzir ne: na tafiya, da na zuwa filin nan na uku, da ƙarin na ko-ta-kwana, da na minti 30 wanda doka ta ce kada a taɓa shi sai rai ya yi halinsa. Ɗaya daga cikin matuƙan biyu zai sauka ya kewaye jirgin da ƙafa, ya duba tayu da farfela da fukafukai, ya ga ko mai yana ɗiga ko tsuntsu ya bugi wani wuri.

Matuƙin babban jirgi mai zuwa Jidda ko Landan sau ɗaya yake tashi, sau ɗaya yake sauka a yini. Na ƙaramin jirgi kuwa yana iya yin zango huɗu ko biyar, alhali tashi da sauka su ne wuraren da hatsari ya fi aukuwa. Tafiyar minti 50 ba ta da wurin shaƙatawa, kafin a gama hawa an fara shirin gangarowa. Ƙasa da ƙafa 10,000 kuma an hana hira a ɗakin tuƙi sai maganar aiki. Da an sauka, cikin rabin awa za a sauke fasinja, a sha mai, a sake lissafin nauyi, a ɗebi wasu. Har ila yau filaye da yawa na jihohi ba a aiki da su bayan faɗuwar rana, saboda haka jinkirin awa biyu da safe yana iya cinye zangon ƙarshe na yamma ɗungum.

HAZO, HADARI DA ZAFI

Kowane lokaci na shekara da irin jarrabawarsa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe Arewa har gani ya kasa kai kilomita ɗaya. A filin da yake da na'urar jagorar sauka ta matakin farko, matuƙi yana iya gangarowa har ƙafa 200 bisa ƙasa, idan gani ya kai kamar mita 800. Da ya iso wannan tsawo, ko dai ya ga titi ko fitilunsa ya sauka, ko kuwa nan take ya ƙara wuta ya tashi. Ba a yarda ya ƙara gangarawa kaɗan don ya leƙa ba. A filin da ba shi da wannan na'ura, ko take a lalace, iyakar ta fi haka tsawo, shi ya sa sai a ga jirgi ya sauka a Abuja amma ya gagara sauka a wani gari mai hazo iri ɗaya. Matuƙinmu na ranar nan ya zo bisa garin, mun ji shi da kunnenmu, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da bazara kuma zafi ne. Idan rana ta take a Maiduguri ko Sakkwato cikin Afrilu, ma'aunin zafi ya wuce 40, iska takan yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fukafukai su bukaci titi mai tsawo kafin su ɗaga. Haka abin yake a wuri mai tudu kamar filin Jos, wanda ya ɗara ƙafa 4,000 bisa teku. Idan mai karatu ya taɓa ganin an bar kaya a ƙasa ko an ƙi ɗaukar wasu fasinjoji alhali ga kujeru a wofi, to sau da yawa wannan lissafi ne.

Damina ita ce uwa uba. Babban jirgi yana hawa bisa yawancin gajimare, ƙarami kuwa a tsakiyarsu yake tafiya, sai ya yi ta kewaye hadari da na'urar hango ruwa. Mafi sharri shi ne iskar da take juyawa farat ɗaya a gaban hadari, ta danne jirgi yana kusa da ƙasa. Ba mu manta da ranar 29 ga Oktoba 2006 ba, sa'ad da jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Alhaji Muhammadu Maccido. Masu bincike sun ambaci irin wannan iska, da kuma shawarar tashi a cikin mugun yanayi. Allah ya jiƙansu da rahama.

MAI NEMAN AWA BA YA SON CEWA A'A

Doka ta ba kyaftin cikakken iko a kan jirginsa, ba manaja ba mai kamfani da zai tilasta shi ya tashi. Wannan a takarda ke nan. Amma ƙaramin kamfani yana iya zama da jirage uku ko huɗu kacal, mai da kayan gyara duk da tsada, idan jirgi ɗaya ya juya an yi hasarar man zuwa da na dawowa, ga fasinja suna neman kuɗinsu. Matuƙi ya san wannan duka. Idan albashinsa ya makara, ga bashin makaranta a wuyansa, ga samari a waje suna jiran kujerarsa, to kalmar a'a takan yi masa nauyi a baki. Mataimaki kuma, wanda aka raina shi a kan cewa ba a musu da babba, yana iya ganin kuskuren kyaftin ya yi shiru, alhali dalilin ajiye shi a wurin ke nan, ya yi magana.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Ranar 12 ga Fabrairu 2009 wani jirgi mai farfela na kamfanin Colgan ya faɗi kusa da birnin Bafalo a Amurka, mutum 50 suka mutu. Bincike ya nuna kyaftin ya yi kuskure sa'ad da gudun jirgin ya ragu, ya ja sanda baya maimakon ya tura. Ya kuma fito fili cewa mataimakiyarsa, wadda albashinta bai kai dala 20,000 a shekara ba, ta kwana tana tafiya daga gidansu a ɗaya gefen ƙasar kafin ta kama aiki. Iyalan mamatan suka tsaya tsayin daka har majalisar ƙasar ta yi doka a 2010, aka tsaurara ƙa'idar hutu, kuma daga 2013 aka ɗaga awoyin da ake nema ga mataimaki daga 250 zuwa 1,500, in ban da wasu 'yan rangwame. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bugu da ƙari, ƙaramin kamfani makaranta ce da wasu suke cin amfaninta. Da matuƙi ya tara awoyi sai manyan kamfanoni na gida ko na ƙasashen Larabawa su ɗauke shi, a sake sa sabon hannu a kan hanyoyin da suka fi bukatar tsohon hannu.

ABIN DA YA KAMATA

Da farko, ya kamata Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta ɗauki jinkirin albashin matuƙa da injiniyoyi a matsayin maganar tsaron rayuka, ta kuma riƙa duba littattafan hutu da idon basira. Na biyu, gwamnonin da suka gina filaye su sani ginin zaure da yankan kirtani ba su ne fili ba. A sa na'urar jagorar sauka da fitilu, a katange titi daga dabbobi, a kuma ware kuɗin kula da su kowace shekara. Na uku, jihar da ta biya wa ɗanta kuɗin Zariya ta ƙarasa ladanta, ta biya masa horon jirgin da zai sami aiki da shi, kada a kai shi bakin kogi a bar shi ba kwalekwale.

Mu kuma fasinjoji, haƙƙinmu ne kamfani ya gaya mana gaskiya da wuri, ya mayar mana da kuɗinmu ko ya sake mana rana, kuma mu nemi wannan haƙƙi ba tare da jin kunya ba. Amma mu raba tsakanin sakacin ofis da hukuncin matuƙi. Ni dai ranar nan washegari na isa Abuja, aikin da na je yi ya wuce ni, na kuma ji haushi ƙwarai. Dattijon nan ma na tabbata bai sami ɗaurin aurensa ba. Amma dukanmu mun koma gida mun tarar da iyalanmu, sannu kuwa ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya kuma ba matuƙanmu ƙarfin zuciyar juyawa a ranar da juyawa ita ce daidai.