Yadda ake samar wa yaro malamin lesin a Agege

Yaron da ya tashi a Zangon Agege yakan yi Hausa a gida, Yarabanci da Burokin a titi, sannan a ce ya zauna ya rubuta insha'i na kalmomi 450 da Turanci a jarrabawar WAEC. A nan da yawa ke tuntuɓe, don baki ya iya, hannu bai saba ba, kuma ajin gwamnati a cike yake, babu mai bin littafin kowa layi-layi.

Koyar da ɗalibi shi kaɗai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka karatun zaure yake: kowa da littafinsa, malam ya biya masa daidai inda ya tsaya. Wannan tsarin za a ɗauko a kai wa boko.

Kafin a yi maganar kuɗi, malamin ya sa yaron ya rubuta shafi guda, ko da labarin kasuwar shanu ta Oko-Oba ne. Daga nan zai gane ko matsalar ƙa'idar rubutu ce, ko tsara tunani. Sai a tsayar da rana biyu ko uku a mako, da littafi ɗaya wanda iyaye za su riƙa dubawa.

Malamin da ke rubuta wa yaro aikin gida da kansa, a sallame shi. Nagari yakan ja layi a ƙarƙashin kuskure, ya mayar wa yaro biro. Mai shirin JAMB kuwa a haɗa masa da koyon kwamfuta, tunda da ita ake zana jarrabawar.