Kareti, Dambe ko Kokawa: Wanne Zai Fisshe Ka Ranar Tsiya?

A watan Afrilun 2017 aka haɗa wasu mutum biyu a fage a birnin Chengdu na ƙasar Sin. Ɗaya shi ne Wei Lei, malamin Tai Chi mai almajirai, wanda har gidan talabijin na ƙasar ya taɓa nuna bajintarsa. Ɗayan kuwa Xu Xiaodong, ɗan wasan MMA ne, wasan da ya haɗa naushi da shuri da kokawa. Ba a yi rabin minti ba malam ya sha ƙasa, yana kare kansa da hannu ana zuba masa naushi. Shekarun da ya kwashe yana atisaye ba su hana komai ba, domin bai saba da abokin karawar da ya zo da niyyar dukansa da gaske ba.

A nan amsar take ga duk mai tambayar wane salon faɗa ya fi dacewa da kare kai. Yawancinmu finafinan Bruce Lee da Jackie Chan ne suka raine mu, shi ya sa idan aka ce koyon faɗa, sai hankali ya tafi kan farin kaya da baƙin bel da ihu. Amma sunan salo ba shi ne abin fara dubawa ba. Abin dubawa shi ne: a makarantar nan, ana sa ɗalibi ya kara da wanda ba ya ba shi haɗin kai? Idan kullum abokin atisayenka miƙo hannu yake yi ya tsaya cak kamar gunki har ka gama murɗe shi, to tuƙi kake koya a motar da ba a tayar ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka gane wannan da kyau shi ne Jigoro Kano, wanda ya buɗe makarantar Judo ta Kodokan a Tokyo a 1882. Tsofaffin salon faɗan Japan cike suke da dabarun ƙwaƙule ido da karya wuya, waɗanda ba yadda za a yi a gwada su a kan ɗan'uwa da ƙarfi, sai dai a kwaikwaya. Sai ya cire irin waɗannan daga karawar yau da kullum, ya bar kayarwa da dannewa da shaƙewa, waɗanda mutum biyu za su yi da iyakar ƙarfinsu su tashi lafiya. Abin mamaki, rage haɗarin ne ya ƙara wa ɗalibansa iyawa, domin dabara ɗaya da ka gwada sau dubu a kan mai turjiya ta fi goma da ka haddace kawai. Duk malamin da ya ce maka salonsa ya yi muni da yawa shi ya sa ba a karawa, ka sa masa alamar tambaya.

An sake ganin haka a watan Nuwambar 1993 a birnin Denver na Amurka, a gasar UFC ta farko. Mutum takwas daga salo daban-daban, ba a raba su bisa nauyi ba. Royce Gracie ɗan ƙasar Brazil, siriri in aka kwatanta da sauran, ya cinye karawa uku a dare ɗaya da Jiu-jitsu irin na gidansu, wanda shi ma daga Judo ya samo asali. Kai mutum ƙasa yake yi ya shaƙe shi har ya sallama. Daga ranar aka san cewa wanda bai iya riƙo da kokawa ba, rabin faɗa kawai ya iya.

Sai dai titi ba fage ba ne. A fage mutum ɗaya kake fuskanta, akwai alƙali, akwai katifa. A lungu kuwa, kana kwance kana ƙoƙarin murɗe hannun wani, abokinsa ne zai zo ya sa maka ƙafa a ka. Don haka amfanin Jiu-jitsu ga mai kare kai shi ne ya iya zamewa daga ƙarƙashin wanda ya danne shi, ya miƙe, ya bar wurin.

Damben zamani, a ganina, shi ya fi saurin ba da abin da ake nema. Naushi kaɗan ne ake koyarwa, sauran duk tazara ce da taku da kare haɓa. Babbar ribarsa ita ce mutum ya saba da ganin dunƙule na nufo fuskarsa ba tare da ya runtse ido ya daskare ba. Aibinsa biyu: naushi da hannu tsirara kan ƙoƙon kai yakan karya ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, sannan yawan shan duka a ka yana illata ƙwaƙwalwa a hankali. Muay Thai na ƙasar Thailand ya ƙara gwiwar hannu da ta ƙafa da riƙon wuya, sai dai samun malaminsa a ƙasashenmu da wuya.

Taekwondo kuwa mun san shi da alheri. Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya tagulla daga Beijing a 2008, Issoufou Alfaga Abdoulrazak ya kawo wa Nijar azurfa daga Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Wasan na ba da sauri da numfashi da sanin tazara. To amma shurin da ke kai wa kunne yana son fili da wando mai faɗi da ƙasa mai kyau. Mai sanye da doguwar riga da silifa a bakin kwata, in ya ɗaga ƙafa sama haka, ƙila shi zai kayar da kansa. Kareti kuma ya danganta da makaranta: wasu karawa suke yi ta gaske, wasu kuwa jerin motsi ne ake ta maimaitawa a iska.

Ina aka bar namu na gida? Kokawa ba ta da abin raini ko kaɗan. Wanda ya taɓa kallon gasar takobin kokawa ta Nijar, wadda aka faro a Tahoua a 1975, ya ga yadda irin su Issaka Issaka na Dosso ke kafa ƙafa, ya san abin da ake nufi da mutumin da ba ya kayuwa. Wannan ita ce baiwar da mai kare kai ya fi buƙata: a ruƙume shi, ya ƙi faɗuwa, ya ɓamɓare. Da kokawar Amurka Kamaru Usman ya gina kansa har ya ɗauki kambun UFC a 2019. Giɓin kokawarmu shi ne da an yi kaye wasa ya ƙare, kuma ba wanda ke kawo naushi. Damben gargajiya kuwa yana gina zuciya, ba gardama. Amma hannu ɗaya ake naɗewa a yi duka da shi, ɗayan na tsare gida ne, ba abin kare kai ko haƙori, kuma kisa ake nema a kowane turmi. Sana'ar masu ita ce. Ba wurin da ma'aikaci ko ɗalibi zai je koyon tsare lafiyarsa ba ne.

In da za a tilasta mini zaɓe, sai in ce damben zamani a haɗa da Judo ko kokawa. Judo na da wata ƙarin riba da ba a cika faɗa ba: abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne yadda zai faɗi ba tare da ya buga kai ko ya karya hannu ba. A garin da kowa ke hawa babur, mai yiwuwa wannan ya fi kowane naushi amfani.

Maganar wuƙa kuma daban take. Masu ƙwacen waya a Kano da Kaduna da sauran birane ba su zuwa hannu rabbana, kuma da wuya su zo su kaɗai. Dabarun ƙwace wuƙa da ake nunawa a bidiyo suna aiki ne saboda mai riƙe da wuƙar ɗalibin malam ne, suka ɗaya yake kawowa ya tsaya. Na gaske ba ya tsayawa. Babu bel mai launin da ke tare ƙarfe, kuma malamin kirki da kansa zai ce maka ka miƙa wayar. Doka ma ta yi iyaka: dokar Penal Code ta Arewa ta amince da kare kai, amma ba ta yarda a yi ɓarna fiye da yadda ake buƙata ba. Wanda ya bi mai gudu ya raunata shi ya fita daga wannan rumfa.

Mata kuwa, akasarin barazanar da suke fuskanta daga wanda suka sani take zuwa, ba daga baƙo a duhu ba. A 2015 aka wallafa wani bincike da Charlene Senn ta jagoranta a jami'o'i uku na Kanada, kan ɗalibai mata kusan 900. Horon awa 12 ne kacal, mafi yawansa kan gane alamun haɗari da wuri, da ɗaga murya, da ƙin jin kunyar cewa a'a, sai 'yan dabarun kuɓucewa. Cikin shekara guda, fyaɗe a tsakanin waɗanda aka horar ya tsaya a kusan kashi 5 cikin 100, a sauran kuwa kusan kashi 10.

Kafin ka biya kuɗin rajista, je ka zauna a gefe ka kalli darasi guda. Duba ko ana karawa, ko da safar dambe da robar haƙora ake yi, ko manyan ɗalibai na sassauta wa ƙanana ko kuwa huce haushi suke yi a kansu. Tambayi ko akwai ajin mata, in 'yarka ko ƙanwarka za ka kawo. Wanda ya yi maka alkawarin baƙin bel cikin wata shida, kuɗinka yake so. Sannan ka lissafa kuɗin mota: ƙungiyar Judo ko dambe da ke filin wasan garinku, wadda za ka iya zuwa sau uku a mako, ta fi shahararriyar makarantar da ke wancan ƙarshen gari, wadda za ka daina zuwa da zarar damina ta kankama.