Gaskiya da Ƙarya a Saƙon Sayen Gidajen Haɗin Gwiwa a Bronx

Wani saƙo da ke yawo a WhatsApp tsakanin 'yan Afirka ta Yamma mazauna Bronx, a birnin New York, yana kwaɗaitar da mutane su sayi sashe a benayen haɗin gwiwa da ake kira co-op, su zuba 'yan haya, kuɗin hayar ya biya musu bashin banki. Batun arha da saƙon ya ambata gaskiya ne, domin irin waɗannan sassa sukan fi na mallakar kai tsaye sauƙin farashi. Cewa da ya yi ba a biyan komai bayan saye kuwa shirme ne, tunda kowane wata akwai kuɗin kula da gini, wanda harajin gida da albashin ma'aikata ke ciki.

Ɓarnar tana ga maganar haya. Wanda ya sayi co-op bai mallaki bango ko ƙasa ba. Hannun jari ya saya a kamfanin da ya mallaki ginin baki ɗaya, kamfanin kuma ya ba shi takardar izinin zama a sashe guda bisa sharuɗɗan da kwamitin masu hannun jari ke aiwatarwa. A gine-gine da yawa ba a sa ɗan haya sai da yardar kwamitin, na ɗan lokaci kuma, galibi bayan mai sashen ya zauna a ciki da kansa, kuma karya wannan sharaɗi na iya jawo soke takardar zaman tare da sayar da hannun jarin. Kotuna ba su cika tsoma baki ba: a shari'ar Pullman ta 2003, kotun ƙoli ta jihar New York ta tabbatar da korar wani mai hannun jari da maƙwabtansa suka kaɗa ƙuri'ar fitar da shi saboda halayensa. A rukunin gidajen Co-op City da ke Bronx, mai sassa fiye da 15,000 da aka gina ƙarƙashin dokar Mitchell-Lama ta 1955 domin masu matsakaicin samu, dole ne sashen ya zama mazaunin mai shi, kuma ba ya sayar da shi a farashin kasuwa.

Ba abin zargi ba ne mutumin da ya saba da cewa mai gida a Kumasi ko Kano yana sa haya yadda ya ga dama ya gaskata saƙon. Abin takaici shi ne wanda ya rubuta shi, ya jefa jama'a cikin bashi ba tare da ya buɗe takarda ko ɗaya ba. Sharuɗɗa sun bambanta daga gini zuwa gini, don haka babu hukunci guda da ya game kowa, amma dokar haya ta kowane gini a rubuce take cikin takardar zama da dokokin kamfanin, kuma aikin lauyan mai saye ne ya karanta su kafin a ba da kafin alƙalami.