Wanda ba shi da wurin kwana a Arlit: me doka ta ce?

Mutumin da dare ya riske shi a tashar mota ko bakin kasuwa, ba ɗaki, ba mai masauki, shin ya yi laifi?

Mu ɗauki Arlit. Kafin 1969 babu gari a wurin, uraniyom ne ya kafa shi. Somaïr ta soma haƙa a 1971, Cominak ta biyo baya a Akokan a 1978. Kamfanonin sun gina wa ma'aikatansu gidaje, da famfo da lantarki. Waɗanda suka zo neman aiki ba su dace ba kuwa, sai suka kakkafa bukkoki a bayan gari da tabarmi da kwali da tsofaffin durom, har unguwannin suka ci sunan Bukoki. Ran 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Ga kuma baƙin da ake korowa daga Aljeriya ta Asamaka. Masaukin da ƙungiyar OIM ta buɗe da kuɗin ƙasashen waje, don masu komawa ƙasarsu aka yi shi, ba don talakan gari ba.

To, kundin hukunta laifuffuka na Nijar, yadda aka kafa shi a 1961, ya sa yawon banza cikin laifi. Amma ku lura, abu uku ya gindaya: mutum ba shi da tabbataccen mazauni, ba shi da abin ciyar da kansa, kuma ba ya wata sana'a. Sai ukun nan sun taru. Ke nan ɗan dako ko ɗan ga-ruwa mai kwana a rumfa ba ya ciki, tun da yana cin guminsa.

Ba mu muka ƙago wannan ba. Daga dokar Faransa ta 1810 aka ɗauko shi, Faransar kuwa ta yar da abinta a 1994. Ran 4 ga Disamba 2020 kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha, a Tanzaniya, ta ce irin waɗannan dokoki talauci suke hukuntawa. Gaskiya ta faɗa, sai dai shawara ce, kowace ƙasa ita za ta gyara nata.

Maganar fili daban take. A cikin gari, daɗewar bukka ba ta mai da filin hukuma naka. Shaida ita ce takardar da ofishin magajin gari ke bayarwa bayan an yanka filaye. In ta zo hannunku, ku karanta suna da lambar filin kafin ku dangwala.